Ɗauka ta Arba'in da Ɗaya

Sau arba'in aka ɗauki fitowar nan cikin kwana uku, sau arba'in kuma darakta yana dafe kai.

A kan takarda abin ba shi da wuya. Mugun da ke cikin fim ɗin zai kira wata mata a waya, wadda ta ga laifinsa da idonta, ya razana ta har ta fasa ba da shaida. Mushkilar tana ga wanda aka ɗora wa aikin. Shekara ashirin da biyu yana fitowa a matsayin liman, ko likita, ko uba mai haƙuri, har jama'a suka bar sunansa na yanka suka koma kiransa Salihi. Shi ke riga ƙananan ma'aikata gaisuwa. Idan aka taka masa ƙafa, shi ke ba da haƙuri.

Sai dai kasuwar salihai ta faɗi. Masu kallo sun ƙoshi da nasiha, mugu suke nema wanda zai hana su haɗiye yawu. Shekara biyu ba wanda ya kira Salihi aiki, kuma ya san idan wannan ya kuɓuce masa, to, ya yi sallama da sana'ar da bai iya wata ba.

Ya yi iyakar ijtihadinsa. Ya kalli miyagun finafinan duniya, masu zarto da masu rufe fuska, ya kwaikwayi tafiyarsu a gaban madubi. An zana masa tabo a kunci, an ba shi baƙar waya ta kamfani. Ya zare ido, ya yi dariyar ƙeta har ya shaƙe aka kawo masa ruwa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji mai kwalliya, "amma wallahi kamar gafararta kake nema."

Ranar ta uku da azahar darakta ya ja shi gefe.

"Ina jin nauyinka, Malam, kai sa'an mahaifina ne. Ka tsorata matar nan ko sau ɗaya. Idan la'asar ta yi ba mu samu ba, gobe wani ne zai sa rigar nan."

Aka ba da hutun rabin sa'a. Kowa ya ruga wajen abinci, mai ɗaukar hoto a gaba, domin yunwa ba ta bar shi ya waiwayi kyamararsa ba, balle ya kashe ta. Salihi kaɗai ya rage a ɗakin. Ba ya cin girkin waje, daga gida ake kawo masa, kuma ranar an makara.

Hutu na ƙarewa matarsa ta iso tana haki. Ta ajiye kular a gabansa yadda ko ƙwas ba a ji ba, ta koma bayan ƙofa ta tsaya. Ma'aikata suka yi ta yabawa. Irin wannan ladabi, suka ce, sai gidan salihai; an ce ma 'ya'yansa ko ƙarar motarsa suka ji, gidan kan yi tsit kamar masallaci.

Ana shirin ci gaba, mai ɗaukar hoto ya raɗa wa darakta wata magana. Suka shiga ɗakin tacewa, suka jima. Da darakta ya fito, babu ko alamar murmushi a fuskarsa.

"An samu abin da ake so, Malam. Ka tafi gida."

Salihi ya yi hamdala. Ashe cikin arba'in ɗin nan akwai wadda ta dace. Bai lura ba cewa darakta, wanda kullum yake raka shi har mota, yau daga bakin ƙofa ya juya.

Bayan wata huɗu aka nuna fim ɗin a babban zaure da hantsi. Da aka zo fitowar wayar, sai ga mugu zaune a kusurwa, rabin bayansa ga kyamara. Bai zare ido ba, bai yi dariya ba. Murya ce ƙasa-ƙasa, mai taushi, kamar ta mai yi wa majinyaci sannu.

"Na ji kin fita. A'a, kada ki wahalar da kanki da bayani. Kin san ba na ɗaga murya. Ki zauna ki tuna wancan karon. Idan an tambaye ki, me za ki ce? Lafiya lau. Madalla. Zan zo, mu yi magana."

Zauren ya daskare. Wata dattijuwa ta kama salati, wani ƙato ya miƙe ya fita shan iska bai dawo ba. Masu sharhi suka yi ittifaƙi cewa ba a taɓa ganin azzalumi irinsa a majigi ba, domin sauran miyagu da wuƙa suke kisa, wannan kuwa da natsuwa. Aibi ɗaya wani mai bin diddigi ya samo: wayar mugu baƙa ce a duk fim ɗin, amma a wannan wuri koriya ce mai tsagaggen gilashi. Aka ce masa hassada ke damunsa.

Daraktoci uku suka kewaye Salihi tun kafin a kunna fitilu. Ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya ce baiwa ce daga Allah, shi kansa ba zai iya tuna a wace ɗauka ce abin ya zo masa ba.

Wani ɗan jarida ya hango matarsa a kujerar ƙarshe, hannuwanta a kan cinya.

"Mama, na lura kowa a zauren nan ya razana sai ke. Ba ki ji tsoro ba ne?"

Ta dubi inda mijinta yake gaisawa da jama'a hannu biyu-biyu, ta tabbata ya yi nisa, sannan ta gyara mayafinta.

"Na ji, ɗana, amma tun ranar na gama jin nawa. Ni ce na ɗaga wayar."