Ƙulli Biyu a Marmaron Manikaran

"Faranti ɗaya na ce," ta faɗa wa mai abincin, ta ture na biyun. Tun da ta sauka a garin Manikaran ranar Asabar, duk inda ta zauna sai an ajiye mata biyu. Ta ɗauka gori ne, wai mace ba ta yawo ita kaɗai.

Gori kuwa ta saba da shi. Da ta tafi jami'a, yayyenta suka rufe mata ƙofar gida. Ko gawar mahaifiyarta ba su bari ta gani ba, suka ce da fushinta ta rasu. Ba ta yi kuka a gabansu ba.

Ranar Lahadi ta je marmaron da ke tafasa, inda ake ƙulle shinkafa a ƙyalle a zura da igiya ta dahu. Ta zura nata. Tururi ya turnuƙe har ba ta ganin hannunta.

Da ta jawo igiyar, ƙulli biyu suka fito.

"Kaka, na wani ya sarƙe da nawa."

Tsohuwar da ke kula da wurin ta yi dariya. "Ke 'yar boko, sai taurin kai! Wata baiwar Allah na bin ki tun jiya, kin bar ta da yunwa."

Baƙuwar ta dubi ƙullin na biyu. Ɗaurin bahaguwa ne, sak wanda mahaifiyarta ke yi wa abincinta na makaranta.

Ta zauna a dakali, ta kwance shi, sannan ta matsa gefe, ta bar wurin zaman mutum ɗaya.