Reshen da Ya Tsaya wa Mai Aski a Rai

Mai aski ya cusa yatsa cikin ƙasar tukunyar har gaɓa ta biyu, kamar yadda takardar da ke manne a bango ta ce. Da sauran danshi. Ya ajiye butar bai zuba ko ɗigo ba, ya ja da baya taku biyu.

Bishiyar ta matarsa ce. Kumkwat ake ce mata, wani ɗan lemo ne da bai wuce babban yatsa ba, ana cin sa har da ɓawon. Shekara huɗu tana rainon ta a baranda, sai bana ta yi 'ya'ya. Kwatsam 'yarsu ta haihu a wani gari, dole uwar ta je ta yi sati uku.

Matsalar dai mijin ne. Tun da ciwon gwiwa ya sa ya rufe shago, hannunsa ya ƙi yarda an daina aiki. Ya aske furannin ƙofar gida sun koma tsinke. Ya rage gezar labulen falo. Kyanwar gidan kuwa, tun ranar da ya gyara mata gashin baki, da ta ji ƙarar almakashi sai saman firji.

Shi ya sa suka yi yarjejeniya. Kujerarsa ta aski, wadda ya shekara talatin yana juya kawunan mutane a kanta, tana jibge a ɗakin ajiya, kuma kullum sai ya leƙa ya share mata ƙura. In matar ta dawo ta tarar da bishiyar yadda ta bar ta, zai fito da kujerar baranda ya riƙa yi wa abokansa aski. In ganye ɗaya ya yi ciwon kai, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya samu kaya.

Ranar tafiya ta aike shi neman tasi tun da farar safiya. Ya dawo ya tarar ganyen sai sheƙi suke, ta manna takarda a bango.

"Ruwa sai ƙasa ta bushe," in ji ta. "Duk kwana uku ka juya tukunyar, rana ta samu kowane gefe. Kuma Baban yara, don Allah kar hannunka ya taɓa ta. Kallo ma daga nesa."

"Haba, Maman yara, sai ka ce wani ɓarawo."

"Ni dai na faɗa maka."

Daga nesan kuwa yake kallo, ido a kanne, don tabarau a wurinsa na tsofaffi ne, sai zai kama almakashi yake ɗora shi.

Satin farko ya wuce lafiya lau. Kansa ya fara girma. Lokacin matarsa, kullum sai ta share ganye biyu ko uku, tana mitar wasu ƙananan ƙwari farare da ke maƙale a rassa. A hannunsa ko ganye ɗaya bai faɗi ba, ƙwarin ma sun yi hijira. Tsuntsayen da take kora da tsintsiya sun daina zuwa.

Maƙwabciyarsu tela ce, takan shigo duk bayan kwana biyu aron butar ban ruwa. Ya tsayar da ita ya yi mata bayanin sirrin shuka.

"Hannu ne, maƙwabciya. Wani yana da shi, wani ba shi da shi."

Tari ya sarƙe ta, ta karɓi butar ta fita da sauri.

A sati na biyu ya ga reshen. Yana can gefen hagu, ya tsere wa 'yan uwansa kamar gashin da aka manta a saman kunne. Ya juya shi ya fuskanci bango. Bayan kwanaki, dokar juya tukunya ta dawo masa da shi gaban ido. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya kulle almakashin a durowa ya kai wa tela makullin ajiya, washegari ya karɓo wai zai yanke farce.

Ya daure har ranar ƙarshe. Da hantsi matar ta bugo waya ta ce sun kusa. Ya tsaya gaban bishiyar, hannu a baya. Wace mace ce za ta dawo daga tafiya ta tarar da abinta buzu-buzu? Ai wannan ba aski ba ne, gyaran fuska ne. Ba za ma ta lura ba.

Ya ɗauko almakashinsa na ji da kai. Don sauri ko tabarau bai nema ba. Ya saita, ya datse.

Ƙas! Reshen bai faɗi ba, almakashin kuma ya ƙi buɗewa. Yana cikin ja sai ya ji an rufe ƙofar mota.

Haka ta shigo ta same shi, shi a tsaye, almakashi na lilo a jikin bishiya. Kujerar kawai yake gani a bayan kurar mai ƙarafa, ƙafafunta a sama.

"Maman yara, ki tsaya ki ji..."

Ta ajiye jaka, ta dube shi, ta dubi almakashin. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa bango.

"Sati uku! Ni na zaci ko kwana biyu ba za ka daure ba. Je ka fito da kujerarka, ka ci ta." Ta miƙa masa tabaraunsa daga kan taga. "Amma sa wannan tukuna."

Ya ɗora tabaraun daidai lokacin da tela ta turo ƙofa da ƙafa, tana nishi, rungume da kumkwat ta gaskiya mai ƙamshin lemo, shi kuwa a bakin almakashinsa da ya gimtse, waya ce ke ƙyalli a cikin reshen roba.