Sa Hannun Alhaji Sai-a-Rubuce

Takardar haraji ta iso kwana uku bayan an yi cinikin gidan, kuma tun daga ranar abinci ya daina wuce wa Alhaji Sai-a-Rubuce a maƙogwaro.

Ba a banza aka laƙa masa sunan ba. Shekara talatin yana saye da sayar da gidaje, kuma duk wanda ya zo masa da "ai ka ce", amsa ɗaya ce: "Maganar baki iska ce. Sai a rubuce." Ko matarsa ta tuna masa alkawarin firiji, sai ya tambaye ta ina takarda.

To, ga hukuma ta bi karatunsa sau da ƙafa. Takarda ta ce miliyan goma ya sayi gidan, shekara ashirin da suka wuce. Yanzu ya sayar casa'in. Abin da ke tsakani riba ce, in ji su, kuma a ciki za su yanki nasu. Ya je ofishin ya rantse cewa arba'in aka yi ciniki. Wani ma'aikaci mai ƙaton tabarau ya ce ya kawo a rubuce. Shi fa!

Abin haushin, wannan karon gaskiya ya faɗa. Gidan na wani tela ne da ciwo ya ci ƙarfinsa, yana neman kuɗin asibiti ruwa a jallo. Alhaji ya ba shi goma, aka rubuta goman, sauran talatin kuma bayan wata uku, a kan amana. Tela bai kai wata ukun ba. Da matarsa ta zo neman cikon, Alhaji ya ba ta amsar da yake ba kowa, ya ƙara mata da sati biyu ta kwashe kayanta.

Dillalinsa ne ya haɗa shi da wata akanta. Ya ce ita ta nemi aikin da kanta, kuma ta san haraji kamar yunwar cikinta. Mace ce marar surutu, mai ƙaramar jaka. Da Alhaji ya fara kewaye-kewaye a kan ladan aiki, ta ce a bari sai an gama. Nan take ya ji ta kwanta masa a rai.

Ta ce sai ta ga gidan, don gyaran da aka yi masa yana rage haraji. Ita ta shige gaba. A matakalar bene ta tsallake ta uku, wadda ke rawa. A ɗakin ajiya mai duhu ta miƙa hannu bayan ƙofa ta kunna fitila, makunnin da kowane ɗan haya ke shafe sati yana nema. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce lallai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A ƙofar kicin ta daɗe tana kallon wasu 'yan tsage-tsage da aka yi da bakin almakashi a jikin katakon, ɗaya bisa ɗaya, ta ƙarshe ba ta wuce ƙugun mutum ba.

"Ɓarnar iyalin telan nan ce," in ji Alhaji. "Ki sa a lissafin gyara."

Ba ta sa ba. Ta zauna a dakalin tsakar gida ta buɗe jakarta.

"In ka ce ka biya arba'in, za su nemi rasit, kuma na goma ne a hannunka," ta ce. "Ka rubuta gaskiyar kawai. Ciniki arba'in, an biya goma, talatin na nan a kanka. Ka yi rantsuwa a kai, a buga hatimi."

Sa hannu ba wasa ba ne, Alhaji ya fi kowa sani. Amma ya lissafa: miliyan uku cur za su ragu daga harajin. Matar tela, ya ji ta rasu tuntuni. Sauran iyalin kuwa, ko sama ko ƙasa. Wa zai je ofishin haraji ya zauna karanta fayil? Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe gaskiya ma tana da ranarta.

Washegari ya rubuta da hannunsa, da wannan kyakkyawan rubutu nasa da ya sha korar mutane daga gidaje. Shaidu biyu suka sa hannu, aka buga hatimi. Mai tabarau ya karɓa ba musu, haraji ya sauko. Kwana uku Alhaji yana ba abokansa labari, yana cewa ilimi daɗi gare shi in ka same shi kyauta.

Ranar miƙa makulli ya riga kowa zuwa gidan. Mai saye bai zo ba, kuɗi ma ba su shigo ba. Akanta ce ta zo, ta miƙa masa ambulan. Ya ɗauka takardar ladanta ce, har ya shirya neman ragi.

Sammaci ne daga kotu. Magadan tela sun shigar da ƙara, an riƙe kuɗin cinikin har sai an yanke abin da talatin ɗin nan ta zama bayan shekara ashirin. A bayan sammacin an maƙala kwafin rantsuwarsa, ga hatimi, ga sa hannunsa raɗau.

Alhaji ya ɗago ya dube ta.

"Baiwar Allah, amana fa na ba ki!"

"A rubuce?" ta ce.

Ta taka zuwa ƙofar kicin, ta sunkuya, ta ɗora yatsa a kan tsagar ƙarshe.

"Nan tsayina ya kai, ranar da ka gaya wa mahaifiyata cewa maganar baki iska ce."