Wa Ya Fara Sa Hannu?

"Ku kuka fara sa hannu, matsorata!" Janar Djimet ya doka sandarsa a ƙasa.

"Ku dai, tsohon ɓarawon awaki," in ji Janar Ngarbaye.

Madam Denemadji ta ƙara musu shayi. Shekara talatin ke nan da sulhun da ya tsayar da yaƙinsu, ga shi magoya bayansu sun soma wasa wuƙaƙe a kan wanda ya fara miƙa wuya. Ita kaɗai ce 'yar jaridar da ta halarci taron sa hannun a Njamena, shi ya sa su biyun suka zo don tsohon littafinta ya raba gardama.

Ta lalubo shafin, ta karanta: "Ƙarfe huɗu. Ba wanda ya zo. Daga ni sai mai shara."

Ta rufe littafin.

"Amma jarida ta ce an sa hannu," in ji Djimet, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka wakilina ya je, sai na janye dakaruna."

"Ni ma haka," in ji Ngarbaye. "To wa ya tsayar da yaƙin, Madam?"

"Edita. Ya rantse in na dawo ba labari, a bakin aikina, sai na rubuta an sa hannu."