Makullin Baba a Cikin Rijiya

Wata rana da azahar, a gidanmu na Argungu, ƙanina ya jefa makullin babur ɗin Baba cikin rijiya. Ga buhunan albasa an ɗaure a kan babur ɗin, mai saye yana jira a Birnin Kebbi. Baba ya tuɓe riga zai shiga, Inna ta ce, "Ba ka shiga rijiyar ga, Malam. Gefenta na zubewa."

Ta ɓalle bayan mataccen rediyonmu da wuƙa, ta ciro maganaɗisun lasifikarsa, ta ɗaura masa igiya. Sai ta miƙo mini madubinta. "Tari rana, ɗiyata, ki juyo ta ciki."

Na karkata madubin. Haske ya sauka har gindin rijiya, na ga yashi kwance ƙarƙashin ruwa, zoben makullin yana ƙyalli. Inna ta zura igiya a hankali, ta jawo, ga makulli manne da maganaɗisun yana ɗigar ruwa.

Baba ya yi dariya, ya mayar da rigarsa. Inna ta dube ni ta ce, "Hannunki bai yi rawa ba." Na girma, an yaba mini a wurare da dama, amma babu yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan.