Waya Ta Uku

Yana tayar da motar Mama, sai motar ta hau karkarwa, injin yana tari yana sarƙewa. Ya kashe, ya ɗaga bonet.

"Yaya, ko a kira makaniki?" in ji ƙanwarsa. "Mai sayen yana hanya fa."

"Bari, na san ciwonta."

Shekara biyu, duk Asabar sai Mama ta kira shi: "Motar nan ta fara halinta." Ya zo ya tarar wayar fulogi ta uku a zare, ya mayar, su zauna cin abinci. Ya san ita ke zarewa don ta ga ɗanta. Bai taɓa nuna ya gane ba.

Asabar ɗin ƙarshe da ta kira, cewa ya yi aiki ya sha masa kai. Ranar Litinin aka binne ta.

A ranar ya mayar da wayar da hannunsa, ya kulle garejin gidan. Makullin ɗaya ne, kuma bai bar aljihunsa ba.

Yanzu ga shi gaban bonet ɗin da ya ɗaga, ya leƙa injin. Waya ta uku a zare take, an jingine ta a gefe, yadda Mama ke yi.

Ya juyo wurin ƙanwarsa. "Yau wace rana?"

"Asabar, Yaya."