Gadar Raƙiya

Raƙiya ta sake danna madannin sabuntawa. Shafin ya juya, ya dawo yadda yake. Tun farkon mako babu layi ɗaya da ya shiga rumbun bayanai.

Furojen da take wa aiki a Tawa shiri ne na farfaɗo da fako a karkarar Bambeye da Takanamat. Ma'aikatan daji suna rubuta abin da aka yi a manhajar tsara ayyuka da ke wayoyinsu, ramukan tara ruwa nawa aka haƙa, dashe nawa ya kama. Masu ba da tallafi kuwa ba ruwansu da manhajar, rumbun da ke kan intanet suke dubawa. A da, mutum ne ke kwasa daga nan ya zuba can.

Ita ta ce za ta iya haɗa su. Lokacin tana 'yar koyon aiki, wa'adinta saura ƙiris. Ba ta iya rubuta lambobin kwamfuta ba, abin ma bai buƙata: akwai shafin da ake jan akwati a jona shi da wani, a ce duk aikin da aka rufe a nan a kai shi can. A bidiyoyin waya ta koya. Ranar da ta jona, har aka tashi rumbun bai motsa ba, ta koma gida ko tuwo ta kasa ci. Da safe ta tarar da layuka sun shiga reras.

Shef Almoustapha, shugaban buro, wato ofishinsu, ya raɗa wa abin suna Gadar Raƙiya, ya ba ta kwantiragi.

Gadar tana da halinta. Ba ta kai kaya sai bayan la'asar, ran Juma'a kuma takan makara. Raƙiya ta ɗora wa rezon intanet laifi, kamar yadda kowa ke yi a Tawa.

Abu ɗaya ya hana ta jin daɗi: Alƙasum, mai shigar da bayanai, wanda teburinsa ke kallon nata. Kafin gadar, shi ke kawo mata cuku idan ya je ƙauyensu, shi ke raka ta bakin titi har ta samu kabu-kabu. Bai taɓa furta komai ba, ita ma haka, amma ta riga ta gaya wa yayarta sunansa.

Bayan gadar sai ya canza. Ya daina rakiya. Kowa ya watse, shi yana nan ya duƙufa kan na'urarsa.

"Mi kake yi har yanzu?" ta tambaye shi wata yamma, jakarta a kafaɗa.

"Karta nake bugawa, Malama injiniya," ya ce, bai ɗago ba. "Ba kin hutar da ni ba? Tahi abinki."

Ta ɗauke shi gori. A kan kabu-kabu ta yi ta goge ido da gefen mayafi, tana cewa a ranta ashe namijin da take so bai iya jure ganin ta ci gaba ba.

Da damina ta kusa, tallafi ya ragu, aka ce kujera ɗaya za ta tashi daga buron. Ba a daɗe ana shawara ba. Shef ya tara su, ya yaba wa gadar, ya ce tunda ga ta, aikin shigar da bayanai ya ƙare. Ya tambayi Alƙasum ko yana da magana.

Alƙasum ya dubi Raƙiya, dubawar da ya daɗe bai yi mata ba.

"Babu, shef. Allah shi saka da alheri."

Ya cika watansa. Ran Juma'ar ƙarshe shi ne na ƙarshen fita. Ta tsaya jiransa a ƙofa, tana fatan kalma ɗaya, ko ta faɗa ce. Ya ce mata gobe zai bi motar Abijan, wurin kawunsa mai shago, kamar yadda samarin Adar suka saba. Ya ce ta yafe masa. Ya tafi bai waiwayo ba.

A ƙarshen makon aka yi hadari mai iska, wuta ta ɗauke, akwatin intanet na buro ya ƙone. Aka sa sabo, komai ya dawo, ban da gadar.

Yanzu shef ya ba ta zuwa ƙarshen mako, domin masu tallafi na jiran rahoto. Ba tsoron rasa tata kujerar kaɗai ke cin ranta ba. Idan gadar ta mutu, to a banza ta raba Alƙasum da abincinsa da garinsu. Ta cire akwatunan shafin ta sake jonawa. Ta kira lambarsa don ta ji ko murya ce, aka ce ba ta kan layi.

Da dabara ta ƙare mata, ta kira Maimuna, injiniyar babban buro a Yamai. Maimuna ta shiga na'urar Raƙiya daga can, ta duba.

"Ƙawata, wa ya ce miki wannan abu ya lalace? Ai bai taɓa tashi ba. Da asusunki na 'yar koyo kika jona shi, ba shi da izinin rubuta komai a rumbu. Tun ranar farko yake faɗuwa."

"Ba ya yiwuwa," Raƙiya ta ce. "Watanni layuka suna shiga. Da idona na gani."

"Suna shiga kam. Bari in nuna miki."

Allon Raƙiya ya buɗe wani shafi da ba ta taɓa leƙawa ba. Duk lokacin da gadar ta faɗi, sanarwar ba wurinta take zuwa ba, akwatin saƙon mai shigar da bayanai take tafiya. Layukan kuwa, dubbansu, tun daga yammacin da ta koma gida ta kasa cin tuwo har zuwa Juma'ar da ta tsaya jira a ƙofa, ɗaya bayan ɗaya aka buga su da hannu, kuma a gefen kowanne sunan Alƙasum ne.